Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Kiwon Lafiya: a girmama malaman jinya da na ungozoma tun suna raye

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙon wannan nauyi.

Daga Tawa nake rubuto muku, a kan wata magana da na san ba ta cikin takardun da ke jiran sa hannunku da gaggawa. Roƙona shi ne ma'aikatarku ta ɗauki ɗawainiyar nemo malaman da suka horar da ma'aikatan jinya da ungozomomin ƙasar nan, ta kai sunayen waɗanda suka cancanta gaban hukumar da ke rabon lambobin girma, a rataya musu tun suna da ƙafar zuwa su karɓa.

Ni ungozoma ce, irin wadda matan garinmu ke ce wa sajfam ko madam. Na yi aiki a daji, na yi a gari, kuma kafin in aje aiki an riƙa turo mini ƴan sitaj, wato ɗalibai masu koyon aiki, ina duba su a ɗakin haihuwa. Ba kaina nake roƙa wa ba. Mutanen da nake nufi, wasu su suka koya mini, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Wasu ƙannena ne da ƴaƴana a aiki, suna tsaye gaban allo yanzu haka a Yamai da Damagaram da sauran garuruwan da ke da makarantun kiwon lafiya.

Ƙasarmu ba ta rasa hanyar girmama mutum ba. Akwai lambar Ordre National, akwai ta Ordre du Mérite, kowace da matakanta. Akwai Palmes académiques ta masu hidimar ilimi. Akwai kuma takardar yabo ta hukuma, wadda ba ta buƙatar dogon zagaye. Ma'aikatan lafiya ma suna samu, muna gani a Télé Sahel muna taya su murna. Sai dai in aka duba yadda suna ke hawa har ya shiga jerin, za a gane dalilin da ya sa malamar makarantar jinya take yawan faɗawa tsakani. Shugaban wurin aiki ne ke ba da sunan na ƙasa da shi, shi kuma shugaba wanda idonsa ke gani kullum yake tunawa. Masu kula da ilimi ba su ɗauke ta tasu ba, domin makarantarta a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya take, takardar ɗaukarta aiki kuma ta ce ita ma'aikaciyar asibiti ce. Masu kula da lafiya kuwa, in aka ce su kawo gwani, hankalinsu na tafiya ga likitan da ya yi fiɗa mai wuya, ko wanda ya ja gaba wajen yaƙi da sanƙarau ko kwalara, wato abin da ake iya ƙirgawa a rahoton shekara. Manyan malaman jami'a suna da tasu ƙofar, har da lambar da hukumar CAMES, ta ilimi mai zurfi a Afirka, mai mazauni a Wagadugu ke bayarwa. Ita kuwa wadda ta koya wa yarinya yadda ake gane jariri ya kwanta a gicciye, amfanin aikinta sai bayan shekaru yake fitowa, a hannun wata, a wani CSI, wato ƙaramin asibiti, na Abalak ko Bagarwa, cikin rahoton da babu sunanta a ciki.

Mu mutanen Adar mun san irin wannan a gona. Albasa ƴar Galmi ta yi suna har Abijan, ana yabon manomi, ana yabon mai fatauci, amma ba kasafai ake tuna mai tayar da iri ba, alhali in ya yi sakaci iri ya gauraye, ba a jimawa sunan zai zube.

Bari in ɗan faɗa muku abin da malama take yi, don a takarda ana rubuta "koyarwa" kawai a wuce. Wadda ta koya mana aikin haihuwa tana da ƙashin ƙugu na roba da ya tsufa har ya canza launi, da wata ƴar tsana mai kan fata. Sai ta ɗaure wa ɗaliba ido da kallabi, ta cusa kan ƴar tsanar cikin ƙugun, ta ce a sa yatsu biyu a lalubo maɗiga a faɗi inda jaririn ya fuskanta. In kika yi kuskure ba ta faɗa, sai ta juya kan ta ce sake, har sai yatsunki sun daina jiran idonki. Takan ce ranar da za ki fi buƙatar wannan ilimi babu wuta, babu likita, babu ita. Ɗinki kuwa a kan guntun soson katifa muka koya, wanda take saya da kuɗinta a kasuwa ta yanka mana gunduwa-gunduwa. Kuma ba a yar da mabiyiya a gabanta sai an shimfiɗa ta an duba ko'ina, an tabbata babu ɓangaren da ya rage a ciki, domin guntun da aka raina shi ke kashe mace da zubar jini ko zazzaɓi bayan an gama barka.

Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda ake shiga ɗakinta. Akwai mutum-mutumin mace kwance a kan gado, an rufe shi da zane. Duk ɗalibar da ta zo ta ɗaga zanen nan ba ta yi magana ba, sai malama ta nuna mata ƙofa: fita ki sake shigowa. Dole ki yi sallama, ki ce sannu baiwar Allah, daga wane gari, tun yaushe ya fara, yanzu zan duba ki, ki yi haƙuri. Muna dariya a ɓoye, manya da mu muna gaida roba. Sai da muka je daji muka tarar da yarinya mai cikin fari, wadda kunya ta hana ta ko nishi, wadda ba ta taɓa buɗe jikinta gaban baƙuwa ba, sannan muka gane cewa gaisuwar nan ita ce ke sa ta faɗi gaskiyar kwana nawa ta yi tana naƙuda a gida, da abin da aka ba ta ta sha. Malamar nan ta rasu bayan ta aje aiki. Ranar jana'izarta gidan ya cika da ɗalibanta, wasu sun kwana a hanya. Na shiga ɗakinta yin gaisuwa, hotunan yaye ɗalibai sun rufe bango, amma babu takardar yabo ko ɗaya a cikinsu.

Mai girma Minista, alƙaluman da ƙasar nan ke alfahari da su a tarurruka, hannuwan ɗaliban irin waɗannan malamai ne suka kawo su. Mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009, har duniya ta riƙa kawo Nijar misali. An yaba wa gwamnatin marigayi Tandja Mamadou a kan ƙananan gidajen likita da aka gina a ƙauyuka, da kuma maganin yara da awon ciki da fiɗar haihuwa da aka mayar kyauta, kuma yabon a wurinsa yake. To amma gini ba ya yin allura. Wani ne ya koya wa wanda aka aje a cikin ginin yadda zai ƙirga numfashin yaro ya raba mura da ciwon haƙarƙari. Haka da aka tabbatar da mun rabu da kurkunu a 2013, haka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2025 cewa Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da makantar rafi.

Ta ɓangaren mata kuwa tafiyar ta fi nauyi. Binciken ƙasa ya ba da mata 648 da ke mutuwa a sanadin ciki da haihuwa cikin haihuwa 100,000 a 2006, ya ba da 535 a 2012, sannan 520 a 2015. An samu sauƙi, amma bai kai na yara ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi aikin. Yaro ana iya tsare shi da rigakafi da gidan sauro da ruwan gishiri da sukari, abubuwan da ake lodawa a mota a rarraba. Macen da jini ya ɓalle mata ƙarfe biyun dare, ko wadda jijjiga ta kama, ba abin da za a rarraba mata tun da rana. Ƙwararren hannu take buƙata a wannan minti, kuma hannu a aji da gefen gado ake yin sa.

Kun fi ni sanin shirin yaƙi da zubar jini bayan haihuwa da aka shimfiɗa a asibitocin ƙasar nan. Ba wata na'ura mai tsada a cikinsa. Ƙwayoyin misoprostol masu sa mahaifa ta tsuke ne da farko. In jinin bai tsaya ba, a ɗaura kwaroron roba a bakin siririyar tiyo, a sa cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne inda ke zuba. In abin ya faskara, a naɗe mace da rigar nan mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma ga zuciya da ƙwaƙwalwa, a kai ta inda ake fiɗa da ƙarin jini. Sakamakon da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2023 ya nuna mutuwar mata ta wannan hanya ta ragu da fiye da rabi. Ni na ga yadda abin ya isa daji: wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya ne suka bi gari-gari suna nunawa, suna sa a maimaita, suna lallashin tsofaffin ma'aikata irina waɗanda da farko suka ga abin kamar wasa. Sunayen masu binciken suna kan takarda, kuma sun cancanta. Sunayen waɗanda suka koyar fa, a ina aka aje su?

Yanzu kuma, tun da gwamnati ta rage kuɗin asibiti da rabi a 2024 ta mayar da haihuwa kyauta, an ƙara buɗe wa mata ƙofa. Alheri ne babba. Amma duk macen da ta amsa kiran ta baro ɗakin uwarta ta zo, abin da za ta tarar a bayan ƙofar ya dogara ga wanda ya koya wa mai tarbarta.

A nan ne zan faɗi abin da wasu abokan aikina ba za su so ji ba. Ba don tausayin tsofaffi kawai nake wannan roƙo ba. Sunanmu ba shi da kyau a bakin mata da yawa, kuma ba ƙage suke yi mana ba. Akwai ɗakunan haihuwa da ake yi wa mai naƙuda tsawa, ake marin cinya, ake ce mata lokacin da kike jin daɗin abinki kin kira ni ne? Akwai inda mai sanayya ke wucewa gaba, ƴar ƙauye ta kwana a tabarma. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna rubutu a kan wannan, kuma duk wadda ta yi kwanan asibiti ta san ba su ƙara gishiri ba. Daga ina yarinyar da ta shigo makaranta da ladabin gidansu take koyo wannan hali? Ba a littafi ba. A wurin sitaj take ganinsa. Tana kallon wace ce ake tsoro, wace ce ke samun na cefane a gefe, wace ce ake turawa taron horo mai kuɗin zama, wace ce kuma ta yi shekara da shekaru tana aiki tsakani da Allah ba wanda ya ce mata sannu. Ɗaliba ba wawuya ba ce, lissafi take yi. In hukuma ba ta taɓa nuna da yatsa ta ce ga irin wadda muke so ku zama ba, to ɗakin haihuwa zai nuna mata tasa.

Shi ya sa nake ganin lambar girma kayan aiki ce a hannunku, kuma mai araha. Ranar da ɗalibai suka ga an kira malamar da ta fi takura musu, wadda ba ta sayar da maki, wadda ke mayar da su ƙofa su sake sallama, an tsayar da ita gaban gwamna an rataya mata lamba, an koya musu darasin da awa ɗari na laccar ɗa'a ba za ta koya ba. In kuwa aka rataya wa wadda kowa ya san halinta don tana da ɗan'uwa a sama, gara ma ba a yi ba, don an koya musu kishiyarsa.

Saboda haka zaɓen shi ne dukkan maganar. Kada a tsaya ga daraktocin makarantu. Wasunsu sun cancanta ƙwarai, amma kujera daban, koyarwa daban. Kada kuma a ɗauki yawan ɗaliban da suka ci jarrabawar ƙasa ta samun takardar aiki a matsayin ma'auni shi kaɗai, domin ana iya cusa wa yaro amsoshi ya ci, alhali bai iya sa wa jinjiri ƙarin ruwa ba. Makarantu masu zaman kansu sun yawaita, wasu na ƙoƙari sosai, wasu kuwa ɗalibansu sun fi gadajen da za su koyi aiki a kai yawa, kuma takardar sakamako ba ta rarrabe su. Masu rarrabewa suna nan. A tambayi manyan likitocin gundumomi da majo-majo, wato shugabannin CSI: a cikin sababbin da ake turo muku, ɗaliban wa kuke iya bari su kaɗai da dare ku yi barci? Kowannensu yana da amsa a bakinsa. A tambayi waɗanda suka gama makaranta suka yi wasu shekaru a daji, waɗanda ba su da sauran maki da suke nema a hannun kowa: muryar wa ke dawo muku a kunne idan abu ya rikice? In da hali a tambayi masu shara da tsofaffin ungozomomin gargajiya da ke taimako a ɗakin haihuwa, don su ke ganin abin da ake yi bayan sufeto ya tafi. Sunan da ya riƙa dawowa daga bakunan da ba su haɗu ba, shi ne naku.

Kuma a faɗaɗa ma'anar malami ta kai ga masu kula da ƴan sitaj. Rabin karatun jinya a hannunsu yake, ko fiye, kuma da yawansu ba a rubuce suke a matsayin malamai ba. Na san wani majo a can gefen Keita, ya tsufa a CSI ɗaya. Lokacin damina, sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ke cika masa tabarmi da yara, jijiyarsu ta ɓace don rashin jini, yakan ba ɗalibi allurar ya riƙe masa fitila da kansa. Ya fi kowa sanin in ya karɓa zai gama nan take. Sai ya tsaya yana cewa a hankali, kwantar da hannu, kada ka kalli uwar, kalli jijiyar. In yaron ya yi tsanani ya karɓa, in da sauran lokaci ya bari ɗalibin ya samu. Sanin lokacin karɓa da lokacin bari, wannan shi ne malanta, kuma babu takardar da ta taɓa kiransa malami. Irinsa suna nan a Buza da Illela da Madawa da Cintabaraden, wasu a wuraren da yau rashin tsaro ya sa zama kansa jarumta ne.

Na san abin da za a ce, don ƴan'uwana ma'aikata sun riga sun faɗa mini: lamba ba ta shiga tukunya. Gaskiya ne. Malamin da ya iya aiki yana ganin sa'ansa ya bar allo ya shiga wata ƙungiya mai manyan motoci, cikin ɗan lokaci ya gina gida. In ana so ya zauna, sai ya ga hanya a gabansa. An fara buɗe ta: makarantar kiwon lafiya ta ENSP da ke Yamai ta fara ba da karatun masta a fannin haihuwa da cututtukan mata a ƙarƙashin shirin SWEDD na tallafa wa matan Sahel, yayin da aka aje na dabarun koyarwa a Abijan, na tafiyar da ayyukan lafiya kuma a Bamako. Abin da ya rage shi ne wanda ya yi wannan karatu ya dawo ya tarar da matsayi da albashin da suka dace da shi a cikin koyarwar kanta, ba sai ya gudu ofis ba. Wannan doguwar magana ce da ta shafi ma'aikatar ƙwadago da ta kuɗi, kuma na san halin da baitulmali ke ciki. Amma rashin iya babba ba hujja ba ce ta barin ƙarami. Yaba kyauta tukwici, in ji Hausawa, kuma mutanen nan kyauta suka yi wa ƙasa.

Akwai ma girmamawar da ba ta cin ko dala. Ƙasar nan ta iya raɗa suna. Makarantar kiwon lafiya ta Yamai tana ɗauke da sunan Damouré Zika, ɗan Sarkawan bakin kogi da ya rasu a 2009, wanda Turawa suka sani ta finafinan Jean Rouch, mutanen Yamai kuwa suka san shi da magani da shirye-shiryen lafiya a rediyo. Babban asibitin haihuwa na Yamai yana da sunan Issaka Gazobi. Jami'armu ta Tawa tana da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihi. To a cikin makarantun lafiya akwai azuzuwa da ɗakunan gwaji da ɗakunan karatu da ake kira da lamba kawai. Kuma kowace shekara ana yaye ɗalibai a raɗa wa rukuninsu sunan wani babba, sau da yawa wanda ake sa ran zai taimaka da kuɗin biki. Me zai hana ma'aikata ta ba da shawara a riƙa raɗa musu sunayen tsofaffin malamansu, a kira iyalansu su zauna a gaba, a karanta tarihinsu? Tarihin ma kansa yana ɓacewa. Waɗanda suka karɓi makarantun nan daga hannun baƙi bayan samun ƴancin kai, waɗanda suka fara koyar da ƴaƴa mata aikin asibiti lokacin da iyaye ke ganin abin kunya ne, masu iya faɗin sunayensu kullum raguwa suke.

Sai lambobin waje. Kwamitin Red Cross na duniya yana da lambar Florence Nightingale, wadda aka kafa a 1912, ana ba da ita duk shekara biyu ga mutum 50 ko ƙasa da haka, kuma sharuɗɗanta sun ambaci hidima a fannin koyar da jinya ƙarara. Ta hannun ƙungiyar Croix-Rouge ta kowace ƙasa ake miƙa sunaye. A maƙwabciyarmu Najeriya, Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi tsaye wajen gina karatun jinya a Ibadan, ta karɓe ta a 1973. Akwai kuma sabuwar lambar Aster Guardians mai dalar Amurka 250,000, wadda Anna Qabale Duba ƴar Kenya ta fara ci a 2022, Naomi Oyoe Ohene Oti ƴar Gana kuma ta ci a 2025. Ban yarda matan nan sun fi namu juriya ba. Abin da suka samu shi ne an rubuta aikinsu an aika. Namu malaman an tarbiyyantar da su a kan yabon kai jahilci ne, ba za su taɓa zama su cika takarda suna lissafa alherinsu ba, balle a harshen da ba su yi karatu da shi ba. Ma'aikaci ɗaya a sashen horarwa na ma'aikatarku, in aka ɗora masa sanin ranakun rufe karɓar sunaye da haɗa takardun mutum biyu ko uku, ya isa.

Game da lokaci, watan Mayu ya riga ya shirya mana kansa. Ranar 5 ta ungozomomi ce ta duniya, ranar 12 ta ma'aikatan jinya, ranar 13 kuma ta matan Nijar, tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991. A irin ranakun nan mun saba da ɗinka anko, a yi jawabi, a sha lemo a watse. In aka sa rataya lambobin a cikinsu, sun samu abin da za a riƙa jira. Ina kuma roƙon kada a tattara komai a Yamai. Tsohuwar da ƙafa ta gaza ba za ta iya doguwar hanyar nan daga Tawa ba, kuma ko ta iya, waɗanda ya kamata su gani ba su can. A yi a jiharta, a harabar makarantar ko asibitin da ta yi wa hidima, gaban ɗaliban da ke karatu yanzu da matan da ta karɓi haihuwarsu. Mun ga yadda garin nan ya ɗauki baƙi lokacin bikin ranar jamhuriya na Tawa Sakola a 2017, taron malamai kaɗan ba zai gagare shi ba.

Waɗanda suka rasu ma a ba iyalansu, ko da takarda ce, ƴaƴansu su san abin da ya riƙa hana uwarsu kwana a gida. Amma a fara da masu rai, kuma a fara da waɗanda suka fi tsufa.

Matakin farko wasiƙa ɗaya ce daga ofishinku zuwa ga daraktocin kiwon lafiya na jihohi 8, a ce kowanne ya tara sunaye ta hanyar tambayar tsofaffin ɗalibai da shugabannin CSI, ya aiko da su tare da dalili kafin watan Mayu, kuma a shigar da ƙungiyar ungozomomi da ta ma'aikatan jinya cikin tantancewar. In wasiƙar ta iso Tawa, mu da muka aje aiki muna haɗuwa wurin suna da biki da gaisuwar rasuwa, mun san wa ke raye, wa ke kwance, wa ya koma ƙauyensu. Za mu raka duk wanda aka aiko har ƙofar gidajensu.

Allah ya ba ku ikon yi, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya.

Wassalam,
Wata ungozoma da ta aje aiki,
Tawa.